Jaririn kwana tara da kwalbar seftiriyakson

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne, cikin watan Afrilu, irin daren nan na Yamai da bango ke amayar da zafin da ya sha tun rana. Ina gardi, wato aikin dare, a farmasin asibitin da nake aiki, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ɗakin yara ta ƙwanƙwasa ƴar tagar da muke miƙa magani. Kwalbar seftiriyakson, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana hannunta, ta riga ta ɗauko ta daga akwatin maganin dare na ɗakinsu. Ruwan haɗa allura ne ya ƙare musu.

"Malam, taimaka mini da ruwan haɗi biyu, sauri nake."

Na karɓi takardar don in shigar a rajista. Seftiriyakson miligiram 300, ta jijiya, sau ɗaya a rana. Ga lambar gado, ga sa hannun likita. Gurbin nauyi wayam, gurbin shekaru kuma an rubuta "jariri" kawai.

"Madam, kwanansa nawa?"

"Tara. Shekaranjiya aka yi suna."

"Idonsa fa?"

"Ya yi rawaya. Har tafin hannu ma."

"Me ke tafiya a jijiyarsa yanzu?"

Ta ɗan yi jim. "Ringa. An kuma yi masa kalsiyom, don ya yi jijjiga tun a bakin ƙofa."

Na mayar da ruwan haɗin inda na ɗauko shi, na ja tagar na kulle, na bi bayanta.

Babu wanda ya yi sakaci a wannan dare, shi ya sa ma na ga lamarin ya cancanci a rubuta. Likitan da ya sa hannu ya san aikinsa, ita kuma madam ta daɗe tana laluben jijiyar jarirai har ta fi kowa iyawa a ɗakin. Da ruwan haɗi bai ƙare ba, da allurar ta shiga, in wani abu ya biyo baya a ce kwana ne ya ƙare. Na sakaya sunan asibitin da na mutanen, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Yadda ya zo mana

Iyayensa a unguwar Bukoki suke zaune, shi ne ɗan fari. An haife shi cikin watanninsa, an sallame su lafiya. Kakarsa ta wajen uwa ta taso tun daga Adar don wankan jego. Washegarin suna ya fara ƙin mama, jiki ya yi zafi, aka ce gajiyar hannun ƴan barka ce. Da dare na biyu ya yi, sai ya sandare ya fara fizge-fizge, angon ƙarni ya nemo taksi.

A ɗakin karɓar gaggawa zafin jikinsa ya kai 38.9, sukarin jininsa ya yi ƙasa sosai. An ba shi ruwan sukari ta jijiya, an yi masa maganin tsayar da jijjiga, an ƙara da kalsiyom don jarirai kan yi jijjiga in ya yi musu ƙaranci, aka rataya ledar Ringa, wani ruwan da ake ƙara wa majinyaci, don jijiyar ta zauna a buɗe. Likita ɗaya ne ke riƙe da ɗakuna biyu a daren, ga wata yarinya a kan iskar oksijin da ba ta ba shi sukuni ba. Batirin sikelin ɗakin yara ya mutu tun da yamma. Ya ɗaga jaririn a hannu, ya ƙiyasta kilo 3, ya ninka da 100, ya samu 300.

Da muka kai shi sikelin ɗakin haihuwa, kilo 2.6 ya nuna.

Ɗari ɗin nan da ya ninka da shi ba daga sama ta faɗo ba. Duk wanda ya yi aiki ko karatun likita a Yamai a 2015 yana da wannan lamba a kan harshensa. A shekarar ce sanƙarau nau'in C ya barke, hukumar lafiya ta duniya ta ƙirga kusan mutum 8,500 da ake zargin sun kamu a Nijar cikin wata shida na farko, sama da 570 suka rasu, kuma Yamai na cikin inda abin ya fi ƙamari. Tsarin jinya a lokacin annoba mai sauƙi ne da gangan: seftiriyakson miligiram 100 a kan kowane kilo, sau ɗaya a rana, kwana biyar. Tun kafin nan ma, gwajin da aka yi a nan Nijar a 2003, wanda mujallar Lancet ta buga a 2005, shi ya nuna allura ɗaya ta seftiriyakson tana yin aikin da tsohuwar allurar kuloramfenikol mai mai take yi wa masu sanƙarau. Maganin ya ceci rayuka a ƙasar nan, ba wanda zai musa. Likitanmu yana ɗalibi a 2015, a ƙarƙashin rumfunan jinya ya koyi lissafin. To ga watan Afrilu, ga zazzaɓi, ga jijjiga. Hannunsa ya rubuta abin da ya saba.

Abin da ke cikin kwalbar

Matsala ta farko ciwon shawara ne. Rawayar da ke idon jariri daga wani sinadari take, bilirubin, wanda jiki ke samarwa in jajayen ƙwayoyin jini sun tsufa sun fashe. Hantar sabon haihuwa ba ta gama ƙwarewa wajen fitar da shi ba, don haka yakan taru. Abin da ke kare ƙwaƙwalwa daga gare shi shi ne wani furotin na jini, albumin, da ke riƙe shi kamar yadda uwa ke goya ɗa. Seftiriyakson ma wannan goyon yake so. In ya shiga sai ya ture bilirubin ya hau, shi kuma wanda aka ture ya yi ta yawo cikin jini har ya ratsa ƙwaƙwalwa. Yaron da abin ya taɓa, in ya rayu, yana iya tashi kurma ko da sandararrun gaɓoɓi, kuma ba a gyara wannan daga baya. Shi ya sa takardar da ke naɗe cikin kwalin maganin, wadda kusan kowa ke jefarwa ba tare da ya warware ta ba, ta hana ba jariri mai shawara, ta kuma hana ba bakwaini har sai kwanakinsa na ciki da na waje sun cika mako 41.

Ta biyu ta fi gaggawa. Seftiriyakson da kalsiyom ba sa ga maciji. In suka haɗu sai su dunƙule su zama ƙananan tsakuwoyi, kuma an samu jariran da suka mutu aka tarar da irin wannan tsakuwa a huhunsu da ƙodarsu. A 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. A 2009 ta sassauta wa waɗanda suka wuce kwana 28, ta ce ana iya ba su ɗaya bayan ɗaya in an wanke robar jijiyar sosai a tsakani. Amma ga jaririn da bai wuce kwana 28 ba kuma yana karɓar kalsiyom ta jijiya, haramcin yana nan daram, ko da ta jijiya daban aka bi. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne ruwan Ringa kansa yana ɗauke da kalsiyom. Mun saba kallonsa a matsayin ruwa kawai. Jaririnmu ya sha kalsiyom ta allura, ga wani yana ɗiga masa ta roba, kuma ta wannan robar ce za a tura maganin.

Ta uku, wato yawan maganin, ita ce ta fi jawo gardama daga baya, don a nan takardun ma ba bakinsu ɗaya ba. Takardar kamfani ta ce jaririn da bai kai kwana 15 ba kada a wuce masa miligiram 50 a kan kilo a rana, a kuma ɗiga shi a hankali cikin awa guda. Jagoran annobar sanƙarau kuwa ya ba da 100 har ga ƴan ƙasa da wata biyu, don an rubuta shi ne saboda ƙauyen da babu wani zaɓi, ga gawa ana fitarwa. A lissafin takardar kamfani, iyakar jaririnmu 130. An rubuta masa 300.

Na samu likitan a gefen gadon yarinyar nan mai oksijin, na ja shi gefe.

"Dokta, jaririn gado na huɗu yana da shawara, kuma Ringa ke tafiya."

Ya dafe goshi. Bai ja maganar ba ko kaɗan. "Ka yi gaskiya, Malam. To me kake da shi?"

Wannan tambayar ita ce zuciyar lamarin. Abin da hukumar lafiya ta duniya ta sa a gaba ga jariri mai cutar jini shi ne ampisilin da jantamisin. In ana tsoron sanƙarau kuma ana son sefalosporin, wato dangin magungunan da seftiriyakson ya fito, to sefotaksim ne, ɗan'uwan seftiriyakson da ba ya rigima da bilirubin ko kalsiyom, a haɗa shi da ampisilin saboda akwai ƙwayar listeriya da duk dangin sefalosporin ba sa taɓawa. Muka buɗe akwatin dare. Seftiriyakson jere reras, ya fi kwalba ashirin. Ampisilin kwalba biyu a can ƙurya. Jantamisin babu, yana babban sito. Sefotaksim kuwa rabon asibitin da shi an kwana biyu, kuma laifin ya fi kusa da ni, don ni ke rubuta odar magani, na ga ba a tambayarsa sai na daina sa shi.

Aka sauke Ringa aka rataya ruwan sukari. Ampisilin miligiram 260 ya shiga nan take, wato 100 a kan kilo saboda zargin sanƙarau, za a maimaita kowane awa 8. Na koma na buɗe sito na ɗauko jantamisin don ya riƙe mana daren. Tun 2006 jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar, amma kyauta ba ta haifar da abin da babu a kan kanta. Na rubuta wa uban sunan sefotaksim da manyan baƙaƙe, ya fita neman farmasin da ke gardi a cikin gari. Sai bayan kiran assalatu ya dawo, ya zaga uku kafin ya samu, ya kuma sayo kwalba da yawa don kada a sake tura shi.

Kwanakin da suka biyo baya

Sefotaksim miligiram 50 a kan kilo, wato 130, kowane awa 8. Kwalbar giram 1 ce. In aka narkar da ita cikin mililita 10, kowane mililita yana ɗauke da 100, rabon jaririn ya zama mililita 1.3. Na tsaya a kan madam ta safe har ta rubuta wannan a jikin filasta ta manna a kan gadon, don kuskuren da na fi tsoro a ɗakin jarirai shi ne na waƙafi: 1.3 ta koma 13 a hannun wanda ya kwana bai runtsa ba. Muka kuma rubuta awar da aka narkar da kwalbar a jikinta aka sa a firji, don takardarsa ta yarda a ajiye narkakken na awa 24 cikin sanyi. Kwalba ɗaya ta ishe shi yini, maimakon a fasa uku a zubar da saura.

An sa shi ƙarƙashin fitilar shawara, an rufe masa ido. Da rana aka ɗebi ruwan bayansa. Ya fito garau kamar ruwan randa, awo ya nuna babu alamar sanƙarau. Jijjigar ta fi kama da ta faɗuwar sukari, jaririn da ya yi kwana biyu bai sha ba. Jinin da aka kai don a shuka a ga wace ƙwaya ce bai tsiro da komai ba, amma ba zan yi tutiya da wannan ba, don sai bayan allurar farko muka tuna a ɗiba. Kuskurenmu ne na biyu a daren.

A rana ta uku likitar yara ta duba shi. Zazzaɓi ya sauka, ya kama mama, rawaya tana ja da baya. Ta soke sefotaksim, ta rage ampisilin zuwa 50 a kan kilo, ta ce a ci gaba da shi da jantamisin har kwana goma su cika.

Nan ne muka yi karo da kaka. Ta same ni a tagar farmasi, kwalaben da suka rage ƙunshe a bakin zanenta.

"Ɗana, mi ya hwaru an ka cire allura mai ƙarhi? Wagga da ubanai ya sha wuya cikin dare ya samo? Ko kuɗɗi na ba mu cika ba?"

"Inna, ba maganar kuɗi ba ce. An duba ruwan bayansa, babu sanƙarau. Ciwon da ya rage, waɗannan biyun sun ishe shi."

"In sun ishe shi, a ƙara mai da wagga mana, ya ida warkewa."

Na ce mata in kaza ta shiga gona ba a ɗauko bindigar harbin giwa, kuma bindigar nan in aka cika harba ta a banza, ranar da giwar ta zo ba za ta tashi ba. Ta dube ni irin kallon da tsofaffi ke yi wa yaron da ya yi boko, ta ce Allah shi kyauta, ta ɗaure bakin zanenta ta koma. Ban ce na gamsar da ita ba.

Ranar sallama ma sai da aka so a rubuta masa sefiksim na ruwa ya tafi da shi gida, wai don a rufe. Likitar ta ce jinyar ta ƙare, babu abin rufewa.

Abin da rajista ta nuna

Majo na ɗakin yara, wato shugaban ma'aikatan jinyar ɗakin, shi ne ya kai maganar gaban kwamitin magunguna na asibiti, wanda rabonsa da zama har an manta. Aka ce in kawo rajistar fitar seftiriyakson. Na kwana biyu ina bin ta layi-layi, abin da na gani kuma ya fi na daren nan tayar mini da hankali. Mai zazzaɓin cizon sauro da awo ya tabbatar, an haɗa masa da seftiri "ko da akwai wani abu". Mai mura da tari, seftiri. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa lafiya lau, seftiri kwana biyar, wani lokaci bakwai. A takardu da dama babu nauyi, babu dalili, babu ranar tsayawa.

Ba wuya a gane abin da ya sa. Yawancin dangin penisilin da sefalosporin jiki na fitar da su da sauri, sai an yi ta maimaitawa sau uku ko huɗu a rana. Seftiriyakson kuwa yakan ɗauki wajen awa 8 kafin rabinsa ya fita, allura ɗaya ta riƙe yini. Ga ma'aikaciyar jinya ɗaya mai gadaje talatin, wannan rahama ce. Ga ɗan jinya mai zuwa daga Harobanda ya tsallako gada, zuwa ɗaya a rana ya fi uku. Ya kuma yi araha tun da kamfanoni da yawa suka shiga yin sa. Har majinyata sun haddace sunansa, wani ma in ba a rubuta masa ba sai ya ga an raina ciwonsa.

Akwai kuma wata fahimta da ta zauna a kan mutane, har da mu ma'aikata, cewa sefalosporin hawa-hawa ne, na sama ya fi na ƙasa ƙarfi. Asalin dangin duka daga wata fumfuna ne da wani malamin Italiya, Giuseppe Brotzu, ya samo a 1945 a bakin tekun Sardiniya, daidai inda ruwan ƙazantar birnin Kaliyari ke kwarara. Masana a Okusfod suka tace ta, na farko ya shiga kasuwa a 1964, seftiriyakson kuma sai a farkon shekarun 1980. Zubin farko, irin su sefazolin da sefaleksin, sun fi iya ƙwayoyin fata. Zubi na uku, su seftiriyakson da sefotaksim da seftazidim da sefiksim, sun fi kai wa ga ƙwayoyin hanji da na fitsari, wasunsu kuma suna ratsa ruwan ƙwaƙwalwa. Kowanne da gonarsa. A kan ƙwayar stafilokok da ke sa miki ya yi ruwa bayan tiyata, sefazolin na zubin farko ya fi seftiriyakson cizo.

Kuɗin wannan sabo kuwa a cikin hanjin majinyata ake biyansa. Wasu ƙwayoyin hanji sun koyi fitar da wani sinadari mai tsinka maganin kafin ya taɓa su, masu awo na ce musu BLSE. Wani bincike da aka buga a 2011 a kan yara masu tsananin tamowa da aka kwantar a Maraɗi ya gano kusan kashi 31 cikin ɗari sun zo da irin waɗannan ƙwayoyi tun daga gida, sannan cikin waɗanda suka zo babu, kashi 94 cikin ɗari sun kwashe su kafin sallama. Maraɗi ce fa, ba wata ƙasa mai nisa ba. In irin wannan ƙwayar ta shiga jinin jariri, seftiriyakson da sefotaksim duk ruwa ne, sai a koma neman magungunan da talaka ba ya iya saye, in ma akwai su a gari. Saboda haka ne a 2017 hukumar lafiya ta duniya ta kasa magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida uku: na yau da kullum, na sa ido, da na ajiya. Sefazolin da sefaleksin, tare da ampisilin da jantamisin, suna gidan farko. Seftiriyakson, sefotaksim, sefiksim da seftazidim duk suna gidan sa ido. A 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a kai ga kashi 70 cikin ɗari na abin da ake amfani da shi ya fito daga gidan farko kafin 2030. Rajistarmu ta juya wa wannan baya.

Takarda ɗaya, gaba da baya

Kwamiti ya so a rubuta littafi. Majo ya ce littafi a ofishin darakta zai kwana, a yi abin da zai manne a ƙofar akwatin dare. Haka aka yi.

A saman takardar, da jan alƙalami: jaririn da bai wuce kwana 28 ba, ba a fitar masa da seftiriyakson daga akwatin dare, sai likitan yara ya sa hannu ya kuma rubuta cewa babu shawara, babu kalsiyom. Mun zaɓi bin takardar kamfani a kan jagoran annoba, tunda mu a birni muke kuma muna iya ajiye sefotaksim. Ga kowa da kowa kuma, babba da yaro, ba a narkar da shi da Ringa, ba a tura shi ta robar da Ringa ke tafiya.

Sai awo. Babba, giram 1 zuwa 2 sau ɗaya a rana, in sanƙarau ne giram 2 kowane awa 12. Yaron da ya wuce wata ɗaya, miligiram 50 zuwa 80 a kan kilo, in sanƙarau ne 100, kada jimillar yini ta haura giram 4, kuma babban awo a ɗiga shi cikin aƙalla minti 30 maimakon a tura shi lokaci guda. In ta tsoka za a yi, ana narkar da shi da lidokayin don rage zafi, abin da ya wuce giram 1 a raba shi wuri biyu. Wanda aka haɗa da lidokayin ba ya shiga jijiya ko da wasa, don yana iya tsayar da zuciya. Mun sa wannan layin cikin akwati na musamman saboda kwalayen tsoka da na jijiya sun yi kama, a rabin haske ba ka bambance su.

Maganar ƙoda ta ɗauki layi biyu kacal. Seftiriyakson yana fita ta ƙoda da ta matsarmama, don haka ba a cika rage shi ba. Seftazidim da sefepim kuwa ta ƙoda suke fita, dole a rage wa mai ciwon ƙoda, in ba haka ba tsoho ya rikice ya fara fizga a ce aljanu ne ko hawan jini. Mai cewa penisilin ba ya karɓarsa, a tambaye shi abin da ya faru takamaimai. In ƙaiƙayi ne da ƴan ƙuraje shekarun baya, yawanci ana iya ba shi sefalosporin a sa masa ido. In kumburin fuska ne da toshewar numfashi ko saɓulewar fata, a kira likita kafin a fasa kwalba.

Doka biyu ne suka shafi tagata kai tsaye. Takardar yaro da babu nauyi a kanta, ina mayar da ita. Kuma ba na ba da seftiriyakson na fiye da kwana uku a karo ɗaya. In ana son ƙari, likita ya sake ganin majinyacin, ya rubuta dalili da ranar tsayawa, ko ya mayar da shi kan na sha in ya fara cin abinci. Makon farko na sha harara. An ce na mayar da kaina likita.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne tiyata. Ƙa'idar da aka sani ita ce sefazolin giram 2, allura ɗaya, cikin awa guda kafin wuƙa ta taɓa fata, a ƙara wata in aikin ya wuce awa 4 ko jini ya zuba da yawa, shi ke nan. Ga tiyatar haihuwa ma abin da hukumar lafiya ta duniya ta ce ke nan, allura ɗaya kafin yanka. Babban likitan tiyatarmu, dattijo ne da ya koyar da rabin waɗanda ke zaune a ɗakin, ya saurara har na gama.

"Ɗana, waɗanda suka rubuta wannan, ɗakin tiyatarsu ƙura na shiga? Wuta na ɗaukewa suna tsakiyar aiki? Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye aka kawo ta a amalanke, ita ma allura ɗaya?"

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ban iya amsa ta duka ba. Abin da na ce shi ne, ranka ya daɗe, ƙwayar da za ta shiga miki a lokacin yanka take shiga, maganin da aka yi kwana huɗu bayan an ɗinke bai same ta a ƙofa ba. Ita kuma matar da ta zo da zazzaɓi da ruwa mai wari, wannan ai ta riga ta kamu, jinya take buƙata cikakkiya, ba rigakafi ba, kuma takardar ba ta hana ta ba. Likitar mata ta goyi bayana. Aka tsaya a kan cewa duk tiyatar da aka shirya, da ta macen da ba ta da alamar cuta, sefazolin ɗaya. Sauran a bar wa likita, amma ya rubuta dalili. Dattijon ya sa hannu. Har yau in na ga takardarsa nakan tarar dalilin da ya rubuta kalma ɗaya ce, "ƙura".

Takardar da kanta ba za ta yi komai ba da akwatin dare ya zauna yadda yake. Muka rage seftiriyakson da ke ciki, muka sa ampisilin da jantamisin da sefotaksim a layin gaba, kowanne da adadin da in ya sauka ƙasa da shi majo zai sanar da ni kafin la'asar. Sefazolin ya koma ɗakin tiyata. Batirin sikeli ya shiga jerin abin da ake dubawa a kowace miƙa aiki, tare da iskar oksijin. Ba kullum abin ke tafiya ba. Akwai watan da sefazolin ya yanke a wurin masu kawo mana, aka koma seftiriyakson a ɗakin tiyata, sai dai aƙalla allura ɗaya aka riƙa yi, ba kwana biyar ba.

Bayan sun yi arba'in suka dawo da yaron a duba jinsa, don shawara mai tsanani da jantamisin duk suna iya taɓa kunne. Ya yi ɓulɓul, an tafa a bayansa ya zabura. Kaka ta biyo ta tagata za ta koma Adar, ta kwance bakin zane ta ajiye mini kwalaben sefotaksim huɗu da ba a fasa ba.

"Ga su, ɗana. Ka ba wani ɗan da ubanai ba ya da kuɗɗin taksi."

Na karɓa da hannu biyu, na yi mata godiya da addu'ar sauka lafiya. Kwalaben sun yi wata guda a ɗakin kwano cikin zafin Mayu, takardarsu kuwa ta ce kada a ajiye su inda ya wuce digiri 25. Da ta fita, na shigar da su rajistar magungunan da za a lalata.